Wa ke riƙe da makullan gari?

Kowane ƙaramin gari yana da abin da ya tara mutane a wurin tun farko. Wani ma'adini ne a ƙarƙashin ƙasa, wani mashigar kogi, wani tashar jirgin ƙasa, wani masana'anta guda ɗaya, wani kuwa zangon matafiya ne kawai. Ranar da wannan dalili ya kau, garin ba ya faɗuwa nan take. Gine-gine suna nan, tsofaffi suna nan, bukukuwan shekara ma ana ci gaba da yi. Matasa ne ke sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da hujjarsa mai kyau, har a wayi gari jana'iza ta fi suna yawa.

Rufe-rufen da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Banki ya ɗauke reshensa saboda masu ajiya sun ragu. Mai kanti ya tsufa, 'ya'yansa ba sa son gadon sana'ar. Motar haya ta rage zuwa. Daga nan hukumar ilimi ta ƙirga ɗalibai, ta ga ba su kai a riƙa biyan malamai dominsu ba, ta haɗe makarantar da ta wani gari. Wannan na ƙarshe shi ne mai karya gari, domin magidancin da ke da ƙananan yara ba zai zauna inda 'ya'yansa za su yi tafiyar sa'a guda kafin su shiga aji ba. Yana tashi, an sake rasa ɗalibai uku da mai sayayya da mai biyan haraji. Gidan da ya bari kuma ya zama na magada da ke birni, ba su sayar ba, ba su gyara ba, rufi ya fara yoyo, bangon maƙwabci ya fara shan ruwa.

Abin ya game duniya. A 1950 kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke zaune a birane, yau sun haura rabi, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen za su kai kashi 68 a 2050. Jafan ta fi kowa nisa a wannan hanya: ƙidayar gidaje ta 2023 ta samu gidaje kimanin miliyan 9 da babu kowa a ciki. A 2014 wani kwamiti ƙarƙashin Masuda Hiroya, tsohon ministan harkokin cikin gida, ya fitar da jerin ƙananan hukumomi 896 da ya ce suna iya shuɗewa. Ma'aunin da kwamitin ya ɗauka ya fi adadin kansa muhimmanci a gare ni. Bai ƙirga gine-gine ko baƙi ba. Ya duba inda yawan mata 'yan shekara 20 zuwa 39 zai ragu da rabi ko fiye kafin 2040. Duk wani shirin farfaɗo da gari, komai kyan hotunansa, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi: ko mace mai ƙuruciya za ta yarda ta zauna, ta yi aiki, ta raini 'ya'ya a nan?

Idan mutanen gari suka zauna neman mafita, abin da idonsu ke fara sauka a kai shi ne tarihi, kuma suna da gaskiya. Masana'anta tana iya tashi ta koma wata ƙasa, amma tsohon titi da ganuwa da sana'ar kakanni ba sa ɗaukuwa. Shi ne jarin da ya rage wanda babban birni ba zai iya ƙwacewa ba. Sai dai jari ne mai wuyar sha'ani. Na duba garuruwan da suka gwada, waɗanda suka dace da waɗanda suka yi asara, abin da ya raba su ba yawan kayan tarihi ba ne. Tambayar da ke raba su ita ce wa ya mallaki filaye da gidaje, wa ke yanke shawara a kansu, kuma aljihun wa kuɗin baƙo ke shiga.

Yubari, a tsibirin Hokkaido na Jafan, garin kwal ne da ya tara mutum kusan 117,000 a 1960. Ramukan haƙar suka yi ta rufewa, hatsarin 1981 ya kashe mutum 93, ramin ƙarshe ya rufe a 1990. Shugabannin garin suka ce daga kwal sai yawon buɗe ido. Suka ciwo bashi, suka gina filin wasanni da gidan tarihin kwal, suka sayi otal-otal da wurin wasan ƙanƙara. Baƙi sun zo, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, aka yi ta rufe giɓin da sabon bashi har asiri ya tonu a 2006. A 2007 garin ya shiga hannun gwamnatin ƙasa da bashin da ya haura yen biliyan 35. An ƙara haraji, an mayar da asibiti ƙaramin shan-magani, an haɗe makarantun firamare suka koma guda ɗaya, ma'aikata da yawa suka ajiye aiki. Yau mutanen Yubari ba su kai 7,000 ba. Tarihin kwal ɗin gaskiya ne, babu ƙarya a ciki, amma an gina masa gida da kuɗin da ya kamata ya riƙe likita da malami.

Italiya ta shahara da wata dabara, gidan yuro ɗaya. Garin Salemi na Sisili ne ya fara yayata ta a 2008, daga baya Gangi da Mussomeli da Ollolai da wasu da dama suka bi. A farkon 2019 Sambuca ta sa gidaje 16 a gwanjo, farashin farawa yuro ɗaya, da sharaɗin mai saye ya ajiye yuro 5,000 jingina, ya kuma gyara gidan cikin shekara uku. Labarin ya zaga duniya, masu saye suka zo daga Amurka da sauran wurare, magina da kafintoci suka samu aiki, wasu baƙin ma suka sayi gidaje masu tsada a farashin kasuwa. Ba zan raina wannan ba. Bangon da ya kusa rushewa ya tsaya. Amma yawancin masu sayen gidan hutu suke nema. Sukan zo makonni kaɗan a shekara, su kulle ƙofa su tafi. Gidan da aka gyara aka kulle ba ya kai yaro makaranta.

Akwai kuma garuruwan da nasarar ce ta zame musu ciwo. Hallstatt ta Ostiriya, tsohon garin gishiri mai mutum ƙasa da 800, takan karɓi baƙi har 10,000 a rana ɗaya a lokacin da baƙi suka fi yawa, har mazauna suka fito suka tare hanyar shiga garin a 2023. Civita di Bagnoregio ta Italiya tun 2013 take karɓar kuɗin shiga a bakin gada, kuɗin ya taimaki ƙaramar hukumar sosai, amma masu kwana a cikin garin duk shekara ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne Tsumago, a kwarin Kiso na Jafan. Ɗaya ce daga zanguna 69 na tsohuwar hanyar Nakasendo da ta haɗa Edo, wato Tokiyo ta yau, da Kiyoto. Masauki da ciyar da matafiya su ne abincin garin. Da jirgin ƙasa ya zo a farkon ƙarni na 20, bai bi ta cikinta ba, matafiya suka ɗauke ƙafa. Talaucin da ya biyo baya shi ne ya tsare gidajen katakon, domin babu mai kuɗin rushewa ya gina sabo. A 1968 mazauna suka kafa ƙungiya, aka fara gyaran gidajen. Baƙi suka fara zuwa, kuma a daidai nan ne suka yi abin da garuruwa da yawa ba sa yi sai bayan lokaci ya ƙure. A 1971 suka rubuta wa kansu yarjejeniya mai hani uku: ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ba, ba za a rushe ba.

A lura da wanda wannan hani ya ɗaure. Ba kamfanonin Tokiyo ya ɗaure ba, masu gidajen ne suka ɗaure hannun kansu. Mutumin da ya yi shekaru yana fama, ga gidansa ya yi daraja a karon farko, ga mai kuɗi ya zo da tayi, shi ne aka ce wa ya haƙura. Sakamakon shi ne wanda ya kwana a masauki a Tsumago, a gidan ɗan gari ya kwana, kuɗinsa kuma a garin ya tsaya. An karkatar da wayoyin lantarki daga babban titi, an hana motoci bin sa da rana, an hana allunan talla masu ƙyalli. Doka ta biyo bayansu ne: a 1975 Jafan ta gyara dokar kayan tarihi domin ta kare unguwa sukutum maimakon gini ɗai-ɗai, a 1976 kuma Tsumago na cikin rukunin farko da aka zaɓa.

Yarjejeniyar tana da tsadarta. Garin da ba a sayar da gida, ba a ba da haya, yana da wuyar shiga ga saurayi da amaryarsa da suka zo daga waje suna son zama. Mutanen yankin sun ci gaba da raguwa, waɗanda suka sa hannu sun tsufa, wasu gidajen babu magajin da zai zauna. Dokar da ta hana 'yan kasuwa cinye gari ita ce kuma ke tare wanda zai raya shi, kuma tsara ta yanzu ce za ta nemo yadda za a sassauta ba tare da an kwance ba.

A tsibirin Eigg na yammacin Sikotland matsalar ta zo ta wata fuska. Tsibirin gaba ɗaya mallakar mutum ɗaya ne, ana sayar da shi daga hannu zuwa hannu da mutanen da ke kansa. Yawancin mazauna ba su da takardar haya mai ɗorewa, saboda haka babu mai zuba kuɗi a gidan da za a iya korarsa gobe, babu bankin da zai ba shi rance. Bayan shekaru ashirin na rigima da mai tsibirin, Keith Schellenberg, sai ya sayar wa wani Bajamushe mai zane da ake kira Maruma a 1995, wanda ya yi alkawura da yawa bai cika ba. Mutanen tsibirin, su sittin da 'yan kai, suka buɗe asusun neman taimako. Dubban mutane suka aiko da abin da ya sawwaƙa, wani mai bayarwa da ya ɓoye sunansa ya ba da kaso mai tsoka, aka tara fam miliyan 1.5. Ranar 12 ga Yuni 1997 tsibirin ya koma hannun wata amintacciyar ƙungiya da ta haɗa mazauna da hukumar yankin da wata ƙungiyar kare namun daji.

Abin da suka fara yi ba shi da ban sha'awa a hoto: ba wa mutane takardun haya na dogon lokaci, gyaran gidaje, gina shago da wurin shan shayi a bakin tashar jirgin ruwa. Sai a 2008 suka kunna lantarkin kansu daga ruwa da iska da rana. Kafin nan kowane gida da janaretansa. Tun da wutar ba ta da yawa, aka yanka wa kowane gida kilowat 5 a lokaci guda, wuraren sana'a kilowat 10. Kowane gida yana da ɗan mita da ke nuna abin da ake ja. Uwargida ta san idan injin wanki yana aiki, ba za ta jona butar lantarki da abin dumama ɗaki a tare ba. In ta wuce iyaka wutar gidanta kaɗai za ta ɗauke, sai an zo an mayar. Mutane sun yarda da wannan takura domin su suka zauna suka yanke ta. Da wani kamfani ne daga nesa ya ƙaƙaba musu, da tuni an yi ta ƙorafi. Yanzu mutanen Eigg sun haura ɗari, da yara a makaranta. Kiɗan gargajiya da tarihin tsibirin sun farfaɗo tare da su, ba tare da an gina musu wani katafaren gidan tarihi ba.

Eigg ta taimaka wajen sauya doka. A 2002 mutanen tsibirin Gigha suka sayi nasu, a 2003 majalisar Sikotland ta ba al'ummomin karkara damar su fara saye idan an sa filin yankinsu a kasuwa. Ingila ta yi wata mai rauni a 2011: al'umma na iya sa a rubuta wani gini a matsayin mai amfani ga jama'a, idan mai shi zai sayar a dakata wata shida su nemo kuɗi, amma ba dole ne ya sayar musu ba. Wata shida kuwa ba ta isa mutanen da ba su taɓa haɗa ƙungiya ba su tara kuɗin gini. Waɗanda suka ci moriyar dokar galibi waɗanda suka shirya ne tun kafin a kafa allon sayarwa.

Sai kuma tambayar da ake yawan kaucewa a taron gari: wane tarihi ake son tsarewa? Leavenworth ta jihar Washington a Amurka garin katako ne da jirgin ƙasa. Kamfanin jirgi ya karkatar da layinsa a shekarun 1920, injin yanka katako ya rufe. A shekarun 1960 'yan kasuwar garin suka sake fuskar shagunansu suka mayar da su irin na ƙauyukan Bavariya ta Jamus, alhali garin ba shi da wata alaƙa da Bavariya sai duwatsu masu kama. Dabarar ta ci, baƙi suna tururuwa har yau. Hay-on-Wye, a kan iyakar Wales da Ingila, ita ma ba ta gaji littafi ba. Richard Booth ne ya fara cika tsofaffin gine-ginenta da littattafan hannu a farkon shekarun 1960, ya naɗa kansa sarkin garin ranar 1 ga Afrilu 1977 don jan hankalin 'yan jarida, a 1988 aka fara bikin adabin da ya sa duniya ta san sunanta. Wigtown ta Sikotland ta kwaikwaye ta a 1998 bayan masana'antun yankinta sun rufe. Ni ban ga laifin gari ya ƙirƙiri sabon abin yi ba, yunwa ba ta jiran masanin tarihi. Amma a kira abu da sunansa. Leavenworth ta ceci kasuwarta, tarihin masu yankan katako kuwa ya koma bayan fage, kuma masu yi wa baƙi hidima da yawa ba sa iya biyan hayar garin da suke aiki a ciki.

Tarihin da ya fi daɗewa shi ne wanda yake aiki ne da mutane ke yi da hannunsu. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda ginin yanzu na 1907 ne, da ƙasa aka gina shi, kuma kowace damina tana cin jikinsa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka garin ke fitowa a yaɓe shi. Kwanaki kafin ranar ana jiƙa laka a ramuka, a gauraya da ƙaiƙayin shinkafa, yara su shiga su yi ta tattakawa suna wasa har ta yi laushi. Ranar aikin tun da asuba samari ke gudu da kwanduna a ka, mata da 'yan mata na kawo ruwa, masu yaɓe su hau itatuwan giginyar da ke leƙowa daga bango, waɗanda baƙo ke ɗauka ado ne alhali matakala ce. Tsofaffin magina na zaune suna duba aiki, unguwa da unguwa ana gasar wa zai riga gamawa. Yaron da ya tattaka laka bana shi zai ɗauki kwando baɗi, wata rana ya hau bango. Da rikicin 2012 ya kori masu yawon buɗe ido daga Mali, masu masauki da masu rakiyar baƙi sun sha wuya, amma yaɓen bai dogara da baƙi ba.

A wannan garin kuma ake ganin ɗaya fuskar. UNESCO ta sa Jenne cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, abin da ya sa sauya fasalin tsofaffin gidaje ya zama abin hani. Mai gida yana son ɗaki mai faɗi da daɓen zamani da banɗaki mai kyau, yana kuma ganin kuɗin da yaɓen kowace shekara ke ci, sai a ce masa gidansa na duniya ne. Duniyar kuwa ba ta biyan magini. A 2016 aka mayar da garin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Duk dokar kariya da ta ɗora wa mai gida nauyi ba tare da ta taya shi ɗauka ba, ƙarshenta ko ya karya ta a ɓoye ko ya bar gidan ya faɗi.

Wani lokaci gadon da ke ceton gari ba gini ba ne, sani ne da ke kan tsofaffi wanda ba wanda ya taɓa yi masa kuɗi. A Kamikatsu, wani garin duwatsu a tsibirin Shikoku, sanyin 1981 ya kashe itatuwan lemon da garin ya dogara da su. Wani jami'in ƙungiyar manoma, Yokoishi Tomoji, ya lura cewa gidajen abinci na birane suna neman ganyaye da furanni na ƙawata faranti. Ya fara a 1986 da manoma huɗu, mutane suna yi masa dariya. Waɗanda suka san wane ganye ke yin ja a wane mako, a kan wane tudu, su ne tsofaffin mata. Yau za ka ga tsohuwa mai shekara 80 tana duba oda a kan kwamfutar hannu, ta riga maƙwabciyarta karɓa, ta fita lambu da almakashi, ta jera ganyen daidai girma cikin 'yan fakiti kafin motar rana ta tashi. Cinikin yana haura yen miliyan 200 a shekara. Garin dai bai daina raguwa ba, bai kai mutum 1,500 ba, amma tsufa a can ya daina zama zaman jiran mutuwa.

Duk waɗannan suna buƙatar wanda zai yi aikin yau da gobe, kuma nan ne yawancin ƙungiyoyi ke mutuwa shiru. Taron farko ɗaki ya cika, na biyar mutum shida ne, su ne kuma za su rubuta takardar neman tallafi, su bi magada a waya, su share fili bayan biki. Bayan shekara uku sun gaji, ko sun ɓata da juna. Asusun kare kayan tarihi na Amurka ya gane haka da ya gwada shirin raya manyan titunan ƙananan garuruwa a 1977 a Galesburg da Madison da Hot Springs. Darasin da ya fi fitowa shi ne a ɗauki mutum ɗaya aiki na cikakken lokaci, a biya shi albashi, ya zama shi ke bin masu shaguna da masu gine-gine da hukuma kullum, a kuma fara da ƙananan gyare-gyaren da ido zai gani. Daga 1980 aka bazu da tsarin zuwa garuruwa da yawa. Masu ba da tallafi sun fi son biyan kuɗin rufi da fenti, domin ana ɗaukar hotonsu. Albashin mai bin diddigi ne ke da wuyar samu, shi ne kuma ya fi amfani.

Batun baƙi masu zuwa zama ya fi kowanne zafi. Garin da ya rasa matasansa ba zai haifi waɗanda za su cike gurbin ba, dole wasu su zo daga waje, su kuwa ba sa zuwa da tunanin kakannin gari. Ostana, a duwatsun arewacin Italiya, ta faɗo daga mutum fiye da dubu a farkon ƙarni na 20 zuwa 'yan ƙalilan masu kwana a lokacin sanyi. Daga 1985 wasu 'yan asalin garin da ke zaune a Turin suka karɓi ragamar hukumar, suka sa dokar gyara gidaje da dutse da katako irin na da, suka raya harshen Oksitan na yankin, suka buɗe ƙofa ga sababbin zuwa. A 2016 aka haifi jariri a garin, na farko cikin shekara 28, kuma iyayensa zuwa suka yi. A kudu kuma, Riace ta zaunar da 'yan gudun hijira a gidajen da aka bari, tun daga Kurdawan da jirginsu ya tsaya a gaɓarta a 1998, makaranta ta sake cika. Amma tsarin ya rataya ne a kan kuɗin gwamnati da kuma mutum ɗaya, magajin gari Domenico Lucano. Da aka tsayar da kuɗin, aka kama shi a 2018, yawancin baƙin suka watse, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke mafi yawan tuhumar a 2023.

Garuruwa biyu na Jafan sun tunkari ma'aunin Masuda kai tsaye. A Ama, wani gari da ke kan tsibiri, mai mutum dubu biyu da 'yan kai, magajin gari Yamauchi Michio ya yanke rabin albashinsa kafin ya nemi kowa ya sadaukar da wani abu. Babbar sakandaren yankin ta sauko zuwa ɗalibai 89 a 2008, ana shirin rufe ta, kuma kowa ya san in ta rufe duk mai ɗa ɗan shekara 15 zai tashi. Suka sake tsarin karatun ya shafi matsalolin tsibirin, suka tanadi ɗakin kwana da cibiyar ƙarin darasi, suka gayyato ɗalibai daga biranen ƙasar. Cikin 'yan shekaru adadin ya kusa ninkawa. Kamiyama kuma ta yarda tun farko cewa yawan mutanenta zai ci gaba da raguwa, ta mayar da hankali kan su wa za su rage. Ƙungiyar Green Valley ta riƙa karɓar amanar gidajen da babu kowa daga masu su, ta ce wannan na mai gasa burodi ne, wancan na mai aikin kwamfuta, ta zaɓi mai shiga bisa abin da garin ya rasa. Da yake an riga an ja wa yankin intanet mai sauri, kamfanin Sansan ya buɗe ofishi a wani tsohon gida a 2010, wasu suka biyo, a 2023 aka buɗe kwalejin fasaha a garin. Nan ma makullin gidajen ne ya ba su ikon zaɓe. Mai gidan da ba zai taɓa ba baƙo haya ba ya yarda ne saboda maƙwabtan da ya sani sun tsaya a tsakani.

Akwai iyakar da ƙoƙarin al'umma ba ya wucewa, kuma masu ba da labaran nasara ba su cika faɗar ta ba. A ƙasar da haihuwa ta ragu, ɗalibin da ya tafi Ama daga wani wuri aka rasa shi, iyalin da Kamiyama ta samu wani gari ne ya yi hasararsu. Garin littattafai na farko abin mamaki ne, na ashirin kuwa shagunan littattafai ne kawai. Sannan shawarar inda layin dogo zai bi, da yawan ɗaliban da ke sa a rufe makaranta, da nisan da ke tsakanin mai naƙuda da asibiti, duk a manyan birane ake yanke su. Mutanen lardin Teruel na Sifaniya sun fahimci haka tun 1999, lokacin da suka kafa ƙungiyar Teruel Existe suna neman hanya da jirgin ƙasa da likitoci. Shekara ashirin suna zanga-zanga, har da babban gangamin yankunan da suka zama kufai a Madrid ranar 31 ga Maris 2019. A Nuwamban wannan shekara suka tsaya zaɓe, suka ci kujera ɗaya a majalisar wakilai. A Janairun 2020 aka tabbatar da gwamnatin Pedro Sánchez da ƙuri'a 167 a kan 165, ɗaya daga ciki ta Teruel ce, kuma sai da aka sa hannu kan alkawuran hanyoyi da intanet kafin a ba da ita. A zaɓen 2023 kujerar ta suɓuce musu, da yawa daga alkawuran kuma har lokacin suna kan takarda.